Masu Hannun Hagu

Shafi na 23

Salamu alaikum 'yan wannan zaure. Masu cika mini waya da saƙo kamar na gudu da akuyarsu, na ji, na kuma gani. Wayar ce ta faɗa bahon wanki, sai da ta yi jinya cikin buhun shinkafa ta farfaɗo. Ga shafinku nan. Mai hawan jini ya fara haɗiye maganinsa, don ni ba ruwana.

* * *

"Wa zai karanta mana abin da na rubuta a allo?"

Ni'ima ba ta rufe baki ba hannuwa suka tashi. Ba biyar ba, ba goma ba. Ajin nan kaf, na kan benci da na zaune a siminti, har da Mudathir wanda tun farkon zango take fama da shi ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Ta tsaya cak da alli a hannu.

Ta san wannan ɗaga hannun. Mai hannun dama ya sani, mai hannun hagu bai sani ba. Baƙo ya ga aji ya cika da hannuwa ya yi ta gyaɗa kai, malami kuma ya san inda zai nuna. Malama Amatullah, mai wannan aji ukun, wadda aka damƙa mata Ni'ima ta koyi aikin koyarwa a hannunta, ita ta kawo shawarar tun makon jiya tana ɓarar gyaɗa. Ni'ima ta ce, "Malama ki yi haƙuri, a bar su su amsa iya abin da suka iya." Malama ta taɓe baki ta ce to. Ashe to ɗin nan ba na yarda ba ne. Jiya da aka tashi Ni'ima ana tsakiyar darasi, wai ta je kasuwar Wunti ta karɓo wa Malama ɗinki, ashe aikin da aka zauna yi ke nan.

A bayan aji, kan farar kujerar roba, Madam Obiageli ce zaune, tabarau a karan hanci, jan biro a hannu. Ita kwaleji ta turo ta duba darasin Ni'ima ta ba ta maki. Haifaffiyar Bauchi ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ɗalibai kuma Madam Ba Sani Ba Sabo suke kiranta a bayan idonta.

Kun dai san halin da ake ciki. Bara Ni'ima ta faɗi wannan koyon aikin, jinyar mahaifiyarta ta hana ta cika kwanakinta a aji. Kwaleji kuwa ba ta ba da dama ta uku. In jan biron nan ya ja layi yau, karatun malanta ya ƙare, wahalar shekaru ta bi ruwa. Doguwar rigar da ke jikinta ma Baba Sabitu, mahaifinta, ture ɗinkin mutane ya yi ya ɗinka mata saboda yau. Layin telolin Wunti kaf tuni Malama suke ce mata.

"Anti ni! Anti ni!"

Khadijatu ce, 'yar firit da ita, zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Hannun hagu ta ɗaga, tana kaɗa shi kamar zai cire.

Ita fa Khadijatu bahaguwa ce. Malama Amatullah ta sha kwaɗa mata rula a gaɓoɓin yatsu, wai ba a ajinta za a yi rubutu da hannun tsarki ba. Yarinya ta koma ba ta rubutu da dama, ba ta yi da hagu, ta zama kamar kurma a aji. Ni'ima ce ta riƙa jan ta bayan aji in an tashi hutun tara, ta miƙa mata guntun alli ta ce ta rubuta da hannun da ya fi mata sauƙi. Yanzu in ana neman masu karatu na gaskiya a ajin nan, ba hadda ba, Khadijatu na sahun gaba.

Ni'ima ta dube ta. Ta dubi hannun.

In fa yau hannun nan na rashin sani ne? In fa yarinya ta bi abin da aka koya musu jiya?

A bakin taga Malama Amatullah ta tsaya, tana ta sosa kunnenta na dama, idonta kur a kan Ni'ima.

Ni dai ba zan yi muku ƙarya don ina son Ni'ima ba. Ɗauke kai ta yi daga Khadijatu.

"Job, tashi."

Job, ɗan mai shagon fenti na bakin titi, hannun dama ya ɗaga. Ya miƙe ya karanta tar: "Talatu ta ɗebo ruwa a rijiya." Aka tafa masa. Ni'ima ta rubuta wata jimla, hannuwa suka sake tashi, ta nuna wata mai hannun dama. Ta sake, ta kuma sakewa. Darasi na tafiya sumul, zufa kuwa na bin gadon bayanta har rigar Baba ta manne. "Anti ni" ɗin Khadijatu ya yi ta raguwa har ya mutu, amma hannun bai sauka ba.

Kujerar roba ta yi ƙara.

"Dakata, Ni'ima," in ji Madam. "Ajin nan ya burge ni. Bari ni ma in zaɓa."

Ta tako a hankali tsakanin yara, tana tsallake ƙafafu, har jikin bango. Ta tsaya a kan Mudathir.

"Kai, ɗan samari. Karanta mini."

Mudathir ya miƙe yana zare ido. Ya dubi allo, ya dubi hannunsa, ya dubi Madam kamar ita ce ta yi kuskure.

"Madam, ni ai hagu na ɗaga."

"To, sai me?"

"Mai hagu ba a tambayarsa."

Wasu yara suka ƙyalƙyale da dariya. Ni'ima ta ji allin hannunta ya karye biyu.

"Wa ya ce ba a tambayarsa?"

Yaro ya saci kallon taga. Ya sunkuyar da kai.

Sai ga Malama Amatullah ta faɗo ajin tana tafa hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni'ima! A ajina? Na ba ki amanar 'ya'yan mutane, ashe ha'inci kike koya musu? Kai, duniya ina za ki da mu!"

Jama'a, in ba a gabana aka tsara labarin nan ba, da ni ma na rantse matar nan yau ta fara jin zancen.

Ƙararrawar tara ta buga. Madam ta rufe bironta.

"Ku biyo ni ofis. Ku biyun."

* * *

Ofishin hedimasta, Malam Auwalu, ɗan ɗaki ne mai fanka mai kuka. Yana zaune yana jan carbi yana girgiza kai, alhali ko mai sayar da rake a bakin makaranta ya san da hannun dama da hagu ake tarbar baƙi a firamaren nan ta Fadaman Mada.

Madam ko zama ba ta yi ba.

"Ni'ima, kin san ma'anar hannuwan nan ko ba ki sani ba?"

"Madam, wallahi ba ni na koya musu ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Ina zaune ina kallo. Duk wanda kika nuna mai hannun dama ne, ko sau ɗaya ba ki kuskure ba. Kin sani?"

Ni'ima ta kawar da kai.

"Na sani."

"Kin ji ko, Madam!" in ji Malama Amatullah. "Da bakinta!"

"Malama, ban zo kanki ba tukuna."

Madam ta cire tabarau ta goge da gefen zaninta.

"Ki saurare ni da kyau. Na daɗe a aikin nan, na ga iri-iri. Ɗalibin da ya tarar da ƙarya a shimfiɗe, tsoro ya kama shi ya taka, wannan ina iya sake dawowa in duba shi ranar da bai zata ba. Amma wanda ya zauna ya tara 'ya'yan mutane ya koya musu yadda ake ƙarya, ba da hannuna zai zama malami ba. Don haka ina so in san wa ya koya musu."

Ni'ima ta juya ta dubi Malama. Matar da ta koyar da ita tun tana aji uku a wannan makarantar. Matar da Ni'ima da kanta ta roƙa a tura ta wurinta, don ta ɗauka uwa za ta samu. Ta jira ko za ta ce wani abu. Malama na ta gyara bakin hijabi.

"Malama ce," in ji Ni'ima. "Ta kawo mini shawarar na ƙi. Jiya ta aike ni Wunti, kafin in dawo..."

"La ilaha illallahu!" Malama ta dafe ƙirji, hawaye shar kamar an kunna famfo. "Ni? Ni za ki yi wa sharri? Yallaɓai ka ji sakayyar da 'yar da na raina ta yi mini!"

Malam Auwalu ya yi gyaran murya.

"Madam, Malama Amatullah ta haura shekara ashirin a makarantar nan, ba a taɓa kawo mini ƙararta ba. Yaran yanzu kuwa, kin san su da son maki."

"Yallaɓai," in ji Ni'ima, "kai ma ka san..."

"Ke! Da babba kike magana."

Ni'ima ta sunkuyar da kai.

Madam ta mayar da tabaranta.

"Ba komai. Ai akwai shaidu cike da aji. In an dawo tara zan tambayi yaran da kaina. Yanzu bari in amsa waya, kwaleji na nemana."

Tana fita, Malama Amatullah ta share hawayenta tas, ta ɗauki jakarta ta yi waje da sauri.

* * *

Ni'ima ta tsaya wurin randar makaranta ta wanke fuska. Filin wasa cike da yara, ana ta guje-guje da sayen awara, amma ko ɗan aji uku ɗaya ba ta gani ba. Jikinta ya ba ta. Ta nufi ajin.

Ƙofa a rufe. Daga ciki tsumagiya ke sauka kan tebur, tas, tas.

"Anti Ni'ima baƙuwa ce. Mako mai zuwa za ta tattara ta tafi. Wa zai rage da ku?"

"Malama!"

"Ban ji ba."

"MALAMA!"

"Madam ɗin nan ita ma yau za ta hau keke ta tafi. Duk wanda bakinsa ya yi tsawo, ni da shi ne har ƙarshen shekara. In an tambaye ku me za ku ce?"

"Ba mu sani ba!"

Ƙofa ta buɗe. Suka yi kiciɓis. Malama ko gezau ba ta yi ba, ta ja ƙofar ta rufe a bayanta, ta yi gaba zuwa gindin bishiyar maina. Ni'ima ta bi ta.

"Malama, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Ke har kin yi girman da za ki kama sunana a gaban baƙuwa?"

"Me na yi miki? Sharar ajin nan ni ce. Darasi ni ce, kina gindin bishiya kina hira. Zoɓonki da awararki ni nake sayar miki da tara. Ɗinkinki ni, cefanenki ni. Ban taɓa ce miki a'a ba sai a abu ɗaya."

"To ai gata na yi miki, 'yar nema. Yara sun haura tamanin, littafi babu, benci babu. Kina tsammanin in Madam ta ga hannu huɗu a sama tafa miki za ta yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na fafe miki tun jiya."

"Ban roƙe ki ba."

"Ba ki roƙa ba, amma kin sha da shi." Malama ta matso, ta rage murya. "Da kika ga hannuwa a sama, wa ya riƙe miki yatsa? Me ya hana ki nuna mai hagu? Me ya hana ki juya ki ce Madam ga abin da ake ciki? Ustaziya! Ai da abin ya tafi daidai, da yanzu kina shagon ubanki ana miki barka."

Wannan magana ta shige ta, don gaskiya ce. Abin haushi kuma daga bakin maƙaryaciya ta fito.

"Na yi kuskure," in ji Ni'ima. "Na amsa nawa. Ke ma ki amsa naki. Kalma ɗaya ce, Malama. Ki ce ke kika koya musu, Madam za ta sake ba ni rana."

"In ce me?"

"Ki faɗi gaskiya."

Malama ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Sunana yana ofishin ilimi yanzu haka, mataimakiyar hedimasta za a ba ni. Na shaƙi ƙurar alli har ƙirjina ya lalace, 'yan bayana sun zo sun wuce ni ina kallo. Sai yanzu da loma ta zo baki, in zubar saboda ke? In Madam ta rubuta sunana, kin san inda takardar za ta tsaya?"

"Ni fa? Karatuna fa? Daga yau ba ni da wata dama."

"Ke yarinya ce. Ubanki tela ne, keken ɗinki ba ya ƙarewa a shagonsa."

Ni'ima ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta tuna Baba da safe, ya rako ta har bakin titi da tef a wuya, yana ce wa maƙwabcinsa, "Yau Malamarmu za ta nuna musu."

"Kuma da kike ta ɗaga mini hanci," Malama ta ci gaba, "kin manta ne? A ajin nan kika zauna. Can jikin bango, inda Mudathir yake. Duk baƙon da ya zo, hagu kike ɗagawa, kina washe baki. Na rufa miki asiri a lokacin, ban ji kin ce haramun ba ne."

Hawayen da Ni'ima ke riƙewa suka zubo.

"Ban manta ba. Shi ya sa na shiga sakandare ban iya karanta layi ɗaya ba. Aka tsayar da ni gaban aji ana mini dariya, na koyi karatu da kuka, ina budurwa. Ba asiri kika rufa mini ba, Malama, binne ni kika yi. Saboda kar a sake yi wa wani haka na zaɓi malanta."

"To ga shi kin yi wa wasu yau."

Malama ta gyara hijabinta ta wuce, tsumagiya na lilo a hannunta.

Kai, wasu mutane! Ka ɗauke su iyaye, su ɗauke ka tsani. Ni'ima ta jingina da bishiyar nan tana kuka marar sauti, baƙin ciki biyu na cin ta: na abin da aka yi mata, da na abin da ta yi da hannunta.

Aka ja gefen rigarta.

Khadijatu ce, ta saci jiki ta fito da sunan fitsari.

"Anti."

Ni'ima ta yi maza ta goge fuska.

"Na'am, Khadija. Koma aji kar a gan ki."

"Anti, me ya sa ba ki kira ni ba? Na iya fa. Har na ƙasan ma na iya. Tun kina rubutawa na karanta a zuciyata."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ni'ima ta kama ɗan hannun nan na hagu. Gaɓoɓin yatsun duk tabon rula ne, wani ya yi baƙi, wani bai gama warkewa ba.

"Mantawa na yi na ɗaga wannan," in ji yarinyar. "Malama ta ce dama, amma in na ji daɗi shi yake tashi da kansa. Anti, fushi kika yi?"

"Ban yi fushi ba. Ki ji, Khadija. In Madam ta yi tambaya, ki yi shiru. Kin ji ko?"

"Ai na san amsar."

"Na ce ki yi shiru."

Ƙararrawa ta buga. Yarinyar ta zare hannunta a hankali, ta juya ta tafi ba ta waiwayo ba.

* * *

Ajin ya yi tsit, ko motsin takalmi babu. Madam Obiageli na tsaye gaban allo, takardar makin Ni'ima a hannunta. Malam Auwalu ya toge a bakin ƙofa. Malama Amatullah ta zauna a kujerarta, ta ɗora tsumagiya kan cinya tana shafa ta kamar mage. Ni'ima na gefe a tsaye cikin rigar Baba.

"Yara, ba dukan kowa za a yi ba," in ji Madam. "Tambaya ɗaya ce. Wanda ya san wanda ya koya muku zancen hannun dama da hagu, ya ɗaga hannu."

Yara suka dubi juna. An ce musu kar su yi magana. An kuma ce musu in baƙo ya yi tambaya ba a barin hannu a ƙasa.

Hannuwa suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya, har ajin ya cika.

Duk na hagu.

Har Job.

Madam ta bi su da kallo daga bango zuwa bango. Ta yi wani murmushi wanda gara a zage ka da a yi maka shi.

"Kun gani? Ko ba mu sani ba ɗin ma da ladabi suke faɗa. Wanda ya yi aikin nan ya iya koyarwa, sai dai ba abin kirki ya koyar ba."

Malam Auwalu ya duƙar da kai yana jan carbi.

"Ni'ima," in ji Madam. "Kin yi zango guda da yaran nan, kin fi ni sanin su. Zaɓi ɗaya. Abin da ya faɗa shi zan rubuta, ba kuma zan tambayi na biyu ba."

Ni'ima ta ɗaga ido.

Duk hannuwan nan a sanyaye suke, gwiwar hannu a lanƙwashe, kawuna a ƙasa. Sai guda ɗaya, can kusa da ƙofa. Miƙe yake sak, yatsu a ware. Duk ɗakin nan mutum biyu ne suka san wannan hannun ba na rashin sani ba ne: ita da Malama.

Malama ta ɗaga tsumagiya ta ɗan buga a tafin hannunta. Sau ɗaya, a hankali.

Gaba kura, baya sayaki. In ta kira Khadijatu, yarinya za ta faɗi gaskiya, ita ta tsira da karatunta. Mako mai zuwa ta tattara ta tafi, ta bar 'yar mutane da matar nan da rularta har ƙarshen shekara, babu mai jan ta bayan aji, babu mai miƙa mata alli. In kuma ba ta kira ta ba, to sai ta san abin da za ta gaya wa Baba Sabitu.

Idon yarinyar na kanta. Ba ta ce "Anti ni" ba wannan karon. Leɓenta kawai ke motsi.

"Ina jira," in ji Madam.

Ni'ima ta ɗauke kai daga bakin ƙofa, karo na biyu a rana ɗaya.

"Mudathir," ta ce, da wata murya da ba tata ba. "Tashi."

Yaro ya miƙe kamar an ɗaura masa dutse.

"Ban sani ba, Madam."

Malama Amatullah ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Madam ta daɗe tana kallon Ni'ima ta saman tabarau.

"Duk ajin nan shi kika zaɓa?"

"Shi, Madam."

"Kin san abin da zan rubuta?"

"Na sani."

Madam ta girgiza kai. Ta cire murfin jan biro da haƙori, ta dafa takardar a jikin allo.

"Madam."

'Yar siririyar murya ce. Khadijatu na tsaye, ba wanda ya ce ta tashi, hannun hagu na nan a sama.

"Ni ba na rashin sani na ɗaga ba. Ni bahaguwa ce."

"Zauna!"

Murya biyu ce ta fita lokaci guda, ta Malama da ta Ni'ima. Ta Ni'ima ma ta fi ƙarfi.

Yarinyar ta firgita, ta ja da baya har ta bugi ƙofa. Madam ta dubi Malama, ta dubi Ni'ima. Ta mayar da murfin biro. Ta tako har bakin ƙofa, ta tattare zani ta durƙusa a gaban yarinyar.

"Na ce ba zan tambayi na biyu ba, amma ke ba tambayarki na yi ba, ke kika kawo kanki. Kar ki ji tsoron kowa, 'yata. Ba sai kin yi magana ba ma. Nuna mini wanda ya koya muku kawai."

Khadijatu ta dubi Malama da tsumagiyarta. Ta dubi Anti Ni'ima, wadda ta tsallake ta da safe, ta tsallake ta yanzu, ta kuma daka mata tsawa a gaban kowa. Hawaye ya gangaro mata har haɓa.

Sannan ta sauke hannun hagun nan a hankali, ta miƙe yatsa.